INA RUWAN MATAR AURE DA KOTUN ƘOLI?

 Akwai wata ɗabi'a tamu da na daɗe ina son mu tattauna a kanta. Da zarar mai karanta labaru ya ce Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, ko ya ce shugaban ƙasa ya aika wa Majalisar Dattawa sunan sabon alƙali, sai ki ga an kai hannu an murɗa rediyo an koma tashar gaishe-gaishe. Idan kin yi magana a ce miki, "Wannan ai shari'ar manya ce, maza ke cacar baki a kanta a ƙofar gida, ni ina ruwana, ina ta shinkafar rana?" To 'yar uwa, kina da ruwa har da tsaki. Shinkafar ranar nan da kike magana, an yi lokacin da samunta ya rataya a kan abu guda, wato ko mai mulki zai ji maganar alƙali ko kuwa zai toshe kunne.

Na san ba ki manta da canjin kuɗi ba. Ran 26 ga watan Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Dalilan da aka bayar suna da kama hankali. An ce sama da kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ke yawo suna hannun jama'a ba sa banki, jabu ya yi yawa, masu satar mutane suna karɓar fansa buhu-buhu, ga kuma zaɓe na tafe ana fargabar 'yan siyasa sun jibge kuɗi don sayen ƙuri'a. Sababbin kuɗi suka fara fita ran 15 ga Disamba, aka ce daga 31 ga Janairu, 2023, tsofaffi sun tashi aiki, daga baya aka ƙara kwana 10. Kowa ya fasa asusu, aka zazzage na ƙarƙashin katifa da na cikin kwalla aka kai banki. Tsofaffi suka shige, sababbi kuwa suka ce ku nemo mu.

Allah Sarki, wace ce a cikinmu ba ta ɗanɗana ba? Maigida ya yi sammako tun asuba ya kama layi a banki, ya dawo la'asar hannu rabbana. A unguwarmu sai da ta kai mutum ya bar naira 2,000 wajen masu na'urar cire kuɗi na bakin titi kafin su ba shi 10,000, kuɗinka fa, ka saye shi da kuɗi. Mai nonon da ke tahowa daga ruga ba ta da asusun banki, ba ta san wata tiransifa ba, haka take juyawa da ƙwaryarta a cike. Mai ƙosai ta rage markaɗe, mai awara ta daina gaba ɗaya, yaran talla suna dawowa da faranti kamar yadda suka fita.

Ana cikin wannan hali ne jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli, daga baya wasu jihohin suka bi sahu, har da tamu Kano. Wata za ta ce, ya aka yi suka fara daga sama, alhali mu mun san shari'a daga ƙasa take hawa? Dalili shi ne kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 232, ya ba Kotun Ƙoli ikon sauraron rikicin jiha da gwamnatin tarayya kai tsaye. Ran Laraba 8 ga Fabrairu alƙalai 7, ƙarƙashin Mai Shari'a John Okoro, suka ba da umarnin wucin gadi cewa kada a daina karɓar tsofaffin kuɗi sai an saurari ƙarar. Gari ya ɗauki murna. Amma ran Alhamis 16 ga wata sai marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya yi wa ƙasa jawabi ya ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki har zuwa 10 ga Afrilu, 500 da 1,000 kuwa sun gama yayi. Gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, shi ma ya fito ya ce wa jama'arsa su ci gaba da kashe tsofaffin kuɗinsu tunda kotu ta ce a kashe. A nan Kano gwamnati ta yi kashedin rufe duk shagon da ya ƙi karɓa.

Kin ga murya uku ke nan a kan takarda ɗaya, kuma a ɗakina suka haɗu, domin ni ce uwar adashen layinmu. Mu 15 ne, zubin 2,000 duk Juma'a, kwasa 30,000. Washegarin jawabin shugaba ranar zubi ce, mata suka yi ta turo yara da tsofaffin dubu-dubu, waɗanda suka maƙale a hannunsu ko aka biya su da su a ciniki. Mai kwasar wannan mako wata baiwar Allah ce da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Ta zo da kanta ta ce, "Yaya, ki yi mini rai, kada ki ba ni abin da mai katifa zai wurgo mini. Shugaban ƙasa ya ce sun mutu." Wata dattijuwa a cikinmu ta ce, "Ke yarinya, kotu ta ce suna da rai, ni kuma su nake da su. In tona ƙasa in samo miki sababbi?" Kowace da gaskiyarta. Muka yi ta juya magana har kusan magariba, a ƙarshe muka dakatar da adashen gaba ɗaya sai manya sun daidaita. Adashen da ko rasuwa ba ta taɓa tsayar da shi ba, rikicin fadar shugaban ƙasa da kotu ya tsayar da shi kusan wata guda, bikin yarinyar nan ma sai da aka ɗaga.

An yi zaɓen shugaban ƙasa ran 25 ga Fabrairu cikin wannan ƙunci. Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncinta na ƙarshe, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta. Kotu ta ce ba a ba jama'a isasshen wa'adi ba, ba a yi shawara da waɗanda ya kamata ba, saboda haka tsofaffin kuɗi su ci gaba da tafiya tare da sababbi har 31 ga Disamba, 2023. Ta kuma nuna ɓacin ranta ƙarara kan yadda aka tsallake umarninta na farko. To kin zaci da gari ya waye mai shago ya fara karɓa? Ina! Kwana 10 cur aka yi shiru, mai kayan miya yana cewa shi sai ya ji daga bakin masu kuɗin. Sai ran 13 ga Maris fadar shugaban ƙasa ta ce ita ba ta hana kowa bin hukunci ba, a ranar kuma Babban Banki ya umarci bankuna su karɓa su kuma bayar. A watan Nuwamba na shekarar kotun ta sake zama ta cire wa'adin gaba ɗaya.

Waɗannan kwanaki 10 su suka koya mini abin da ban taɓa tsayawa na auna ba. Alƙali ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda, ba shi ke riƙe da baitulmali ba. Abin da ya mallaka baki ne da alƙalami. Bindiga da kuɗi suna hannun shugaba da gwamna. Sashe na 287 na tsarin mulki ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum a ƙasar nan su zartar da hukuncin Kotun Ƙoli, amma rubutu ba ya tashi ya kama hannun mutum. Idan mai ƙarfi ya ga dama ya ja ƙafa, hukunci yana nan kwance a takarda, ke kuma tukunyarki tana nan a kife.

Kada wata ta ɗauka da mutum ɗaya nake, ko da jam'iyya ɗaya. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar Legas, amma gwamnatin Obasanjo ba ta sake su duka ba, sai da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau a 2007 sannan ya ba da umarni aka saki. Cutar ta kujera ce, duk wanda ya zauna sai ya ji kamar alƙali yana takura masa. Na kuma san wata za ta ce gwamnonin da suka kai ƙarar canjin kuɗi ba don Allah suka yi ba, zaɓe suka hango, kuma jam'iyyarsu ɗaya da shugaban. Mai yiwuwa haka ne, zuciya Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta. Amma alƙali ba zuciyar mai ƙara aka ɗora shi ya duba ba, doka aka ce ya duba. Ko da wace niyya suka je, hukuncin da ya fito ya sauka har kan tabarmar mai sayar da daddawa.

Tunda kuwa alƙali bakinsa kaɗai ya mallaka, sai mu tambaya, wa ke ɗora shi a kujera, wa kuma ke iya sauke shi? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don gudun haka ne aka raba aikin naɗi gida uku. Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ita ke ba da suna, shugaban ƙasa ya naɗa, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Alƙalan Kotun Ƙoli ba sa wuce 21 ban da shugabansu, kuma idan mutum ya hau yana nan har ya cika shekara 70. Sauke Alƙalin Alƙalai kuwa, sashe na 292 ya ce sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun nemi haka. An yi wannan shinge ne don alƙali ya yanke hukunci yau, ya kwana lafiya, gobe ya tarar da kujerarsa.

Sai ga abin da ya faru ran 25 ga Janairu, 2019, saura 'yan makonni zaɓe. Shugaba Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen, ya rantsar da Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad a matsayin riƙo. Zargin shi ne Onnoghen bai bayyana wasu asusunsa na banki ba kamar yadda doka ta ɗora wa ma'aikatan gwamnati. Gwamnati ta ce umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta bi, kuma dakatarwa ce ba sauka ba. Lauyoyi da 'yan adawa suka ce an bi ta taga an bar ƙofa, tunda ba a je Majalisar Dattawa ba, ba a jira Hukumar Shari'a ba, kuma mutumin da aka ɗage shi ne shugaban kotun da ƙarar zaɓe za ta ƙare a gabanta. A watan Afrilu Kotun Ɗa'ar ta same shi da laifi. Sai a Nuwamba 2024, bayan sulhu tsakaninsa da gwamnatin tarayya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wancan hukunci ta sallame shi, lokacin ya riga ya haura shekarun ritaya. Ni ba wanke kowa na zo yi ba, alƙali in ya yi laifi a hukunta shi kamar kowa. Abin da ke damuna shi ne ta wace ƙofa aka fitar da shi, domin sauran alƙalai suna kallo, kuma kowa ya ga gemun ɗan uwansa ya kama da wuta zai shafa wa nasa ruwa.

Ga wani abin da zai ba ki mamaki. Lokacin da Buhari ya ƙalubalanci zaɓen 2007, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Disamba 2008, alƙalai 4 suka tabbatar wa 'Yar'aduwa kujera, 3 suka ce a soke zaɓen. Waɗannan ukun su ne George Oguntade, da Aloma Maryam Mukhtar, da shi Walter Onnoghen ɗin. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Wanda yau yake kan mulki yana jin alƙali ya tsaya masa a wuya, jiya shi ne mai ƙara yana neman alƙalin da ba ya tsoron gwamnati. Ita kuwa Aloma Mukhtar, wadda ta yi alƙalanci a Babbar Kotun Kano, ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, daga 2012 zuwa 2014. Ta saɓa wa gwamnati mai ci a 2008, kuma hakan bai hana ta kaiwa ƙololuwa ba. A 2024 aka rantsar da mace ta biyu, Kudirat Kekere-Ekun. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki zancen kotu ba na ƙofar gida ba ne kawai.

Yanzu bari in taɓo mu kanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ran 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙarar zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 daga na Gwamna Abba Kabir Yusuf, ta ce Nasiru Yusuf Gawuna ne ya ci, har aka sa dokar hana fita a Kano. Ran 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi bayanta. Ran 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe duka biyun ta bar gwamna a kujerarsa. A cikin waɗannan watanni na halarci bukukuwa da sunaye, na ji da kunnena. A Satumba wani ɓangare na guɗa suna cewa kotu uwar talaka, ɗaya ɓangaren na cewa an sayi alƙalai. A Janairu sai aka yi musayar baki, masu guɗa suka koma zagi, masu zagi suka koma guɗa. Ya da ƙanwa suka daina gaisawa. A cikin masu wannan hayaniya da wuya ki sami wadda za ta iya gaya miki dalilin da kowace kotu ta dogara da shi. Idan mu talakawa ba ma ganin girman hukunci sai ranar da ya yi mana daɗi, da wane baki za mu ce wa shugaba ya bi wanda bai yi masa daɗi ba?

Ki kawo maganar kusa, 'yar uwa. Mu mata mu ne muka fi kowa bukatar alƙalin da ake jin maganarsa, saboda mu ne marasa ƙarfin damtse. Wadda aka saka da 'ya'ya huɗu, alƙali ya yanka wa uban kuɗin abinci duk wata, me take da shi in ba wannan takarda ba? Marainiyar da baffanninta suka danne mata gado, ina za ta in ba gaban alƙali ba? Wadda miji ya tafi ya bari shekara uku ba ci ba sha ba saki, wa zai warware mata igiya? Duk waɗannan suna rayuwa ne a kan tsoron da mutane ke yi wa sammaci. Ranar da magidanci ya ga mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, ya ga manya suna take umarnin kotun da ta fi kowace kotu ba abin da ya same su, to shi ma zai ninke tasa takardar ya sa a aljihu, ya ce je ki ki yi abin da za ki yi. Raini daga sama yake gangarowa, kuma a kanmu yake tsayawa.

Malamanmu na Islamiyya suna ba mu labarin Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin yana halifa. Ya ga sulkensa da ya ɓata a hannun wani mutum wanda ba Musulmi ba, bai sa an ƙwace ba, sai ya kai ƙara gaban alƙali Shuraihu. Alƙali ya nemi shaidu, ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ya bar wa mutumin sulke. Halifa guda, mai runduna, ya karɓi hukunci ya juya. Malamai suka ce wannan adalci shi ya sa mutumin ya faɗi gaskiya ya kuma musulunta. Ni abin da ke tsaya mini a rai a labarin shi ne alƙalin ya kwana a kujerarsa, ba wanda ya sauke shi.

Saboda haka ga 'yar shawarata. Idan aka ce kotu ta yanke hukunci, kafin ki tambayi wa ya ci, ki tambayi mene ne dalili, in ba ki gane ba ki sa ɗanki ko ƙaninki mai karatu ya warware miki. Idan ɗan takarar sanata ya aiko da atamfa da taliya, ki tuna hannunsa na cikin masu tabbatar da alƙalan da za su yi shekaru a kujera bayan atamfar ta koɗe, ki sa wakiliyar matan da ya turo ta kai masa tambaya a kan haka. Ranar da hukunci ya ɓata wa gidanku rai, ki riƙe ɗanki a gida, kada ki bari a ba shi fetur da ashana, domin akwai ɗaukaka ƙara, akwai kuma wani zaɓen. Idan gwanin da kike so ya take umarnin kotu, ki iya buɗe baki ki ce bai kyauta ba, ko da hotonsa na manne a bangon ɗakinki. 'Yarki kuma in ta ce lauya take son zama ko alƙali, kada ki ce mata aikin maza ne.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin maganar alƙali, ya ba mu alƙalai masu tsoron ranar da su ma za a tsayar da su, ya kare mana mutuncinmu da na 'ya'yanmu. Wadda ta karanta ta ba maƙwabciyarta aro.